Jinjina ga Waɗanda Suka Iya Faɗuwa

Darasin farko a judo shi ne yadda mutum zai faɗi ƙasa bai karye ba, sannan ya miƙe. 'Yan wasan birnin New Orleans na Amurka sun ga amfanin wannan darasi a watan Agustan 2005, lokacin da guguwar Katrina ta auka wa yankinsu. Katangun tare ruwa suka fashe, ambaliya ta shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Houston da sauran garuruwa.

Ɗakunan horo suka cika da laka, katifun atisaye suka ruɓe, malami ya nufi gabas, ɗalibi ya nufi yamma. Duk da haka zumunci bai tsinke ba. Aka riƙa cigiyar juna, ƙungiyoyin wasu garuruwa suka buɗe wa baƙi ƙofa, waɗanda suka komo gida kuma suka ɗauki shebur kafin su ɗaura ɗamara.

Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, ya gina ta a kan taimakon juna da amfanar kowa. Ku da kuka riƙe wannan amana ranar wuya, sannunku da ƙoƙari.