Mai shirya fim da ƙwallon Jigawa

Ranar da Liverpool ke da wasa, gidajen kallon ƙwallo na Haɗejiya ba masaka tsinke. Benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa, janareta na ruri a baya, an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo. Kaɗan ne cikin samarin nan suka san cewa shugaban kulob ɗin, Tom Werner, ba da ƙwallo ya fara cin abinci ba. Mai shirya wasan kwaikwayo ne na talabijin a Amurka. Shi da Marcy Carsey suka fitar da The Cosby Show, wanda ya gudana daga 1984 zuwa 1992. A 2002 shi da John Henry suka jagoranci sayen Boston Red Sox ta wasan besbol, a 2010 kuma suka karɓi Liverpool kan kusan fam miliyan 300. Shekara goma bayan haka kulob ɗin ya ɗauki kofin lig na Ingila, wanda rabonsa da shi shekara 30.

Ba shi kaɗai ba ne. Silvio Berlusconi da tashoshin talabijin ya yi ƙarfi kafin ya sayi AC Milan a 1986. A 2021 'yan fim biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, suka sayi Wrexham, ƙaramin kulob a Wales, suka mai da rayuwarsa shiri mai dogon zango. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba suka shiga sayen rigarsa.

Ina goyon bayan wannan sauyi, kuma ina so ya iso mu. Mai shirya fim ya san yadda ake sa mutum ya dawo mako mai zuwa. Wannan ilimin muna da shi a gida. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka zaunar da gidaje gaban akwati, Labarina na Aminu Saira kuma ya sa har a teburin mai shayi ana gardamar abin da zai biyo baya. To me ya hana ƙwallonmu samun irin wannan hannu?

Dubi Jigawa Golden Stars. Ta hau babbar gasar ƙasa a 2019, ta sauko a 2021. Tambayi yaron da zai lissafo maka 'yan wasan Liverpool har da na benci ya faɗa maka sunan mai tsaron gidanta, ka ji shiru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa ba shi labarin. Kulob ɗin gwamnati da kasafin kuɗi yake rayuwa, ko an cika fili ko ba a cika ba. Alhali labari na nan jibge a fadamar nan: saurayin da ya wuni a gonar shinkafa a Auyo ya zo atisaye da yamma da taɓo a ƙafa, ɗan masunci daga Guri da ke raba takalmi ɗaya da ƙaninsa, filin unguwa da ambaliya ke cinyewa da damina, a dawo a share shi da rani. Duk wannan kyamara ɗaya da mai haƙuri take jira.

Sai dai ina da sharaɗi. Werner ɗin nan, lokacin da yake riƙe da San Diego Padres ta wasan besbol, an sayar da manyan 'yan wasa a 1993 don rage kashe kuɗi, mutanen gari suka juya masa baya. A Liverpool ma, da aka so kai tikiti fam 77 a 2016, dubban magoya baya sun fice daga fili a minti na 77, dole masu kulob suka janye. Shiri idan ya daina kawo riba akan rufe shi a fara wani, amma kulob na gari ne, uba ke kai ɗansa. Duk furodusan da zai zo mana, ya rubuta a yarjejeniya cewa wasannin gida a Haɗejiya za a buga su, kuma kuɗin ƙofa ba zai fi ƙarfin ɗan acaɓa ba.