Jinjina ga Masu Zane Kan Dutse na Montmartre

A ƙarshen ƙarni na 19, gidajen rawa na unguwar Montmartre a Faris sun samu mai adana tarihinsu: mai zane Henri de Toulouse-Lautrec. A 1891 ya fitar da hoton tallan gidan Moulin Rouge, inda 'yar rawa La Goulue ke cilla ƙafa sama, 'yan kallo kuma suka zama baƙaƙen inuwoyi a bayanta.

Aikin buga irin wannan hoto na buƙatar haƙuri. Da alli mai maiƙo ake zana hoton a kan sulɓaɓɓen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, tawada ta kama inda maiƙon yake kaɗai. Kowane launi da dutsensa, kuma sai ma'aikatan maɗaba'a sun daidaita su daram kafin hoto ya fito. Su ma sun cancanci yabo.

Da 'yan layuka kaɗan Lautrec yake kama mutum: dogayen baƙaƙen safar hannun mawaƙiya Yvette Guilbert, jan mayafin wuyan mawaƙi Aristide Bruant, gajiyar fuskar 'yar rawa Jane Avril. Bai ƙawata su ba, bai kuma wulaƙanta su ba. Ya rasu a 1901 yana da shekara 36, amma ya ɗaga hoton talla zuwa matsayin fasaha. Madalla da wannan hannu.