Jinjina ga waɗanda suka kafa gamayyar Jubilee 2000

Gamayyar Jubilee 2000, wadda ta kafu a Birtaniya a 1996, ta samo sunanta daga Littafin Firistoci sura ta 25, inda aka umarci Isra'ilawa su keɓe kowace shekara ta hamsin domin 'yanta bayi da mayar da gonaki ga masu su na asali. Martin Dent, malamin Jami'ar Keele wanda ya taɓa zama jami'in mulki a ƙasar Tibi, shi da Bill Peters, tsohon jakadan Birtaniya, su ne suka dage cewa wannan umarni ya shafi basussukan da suka yi wa ƙasashe matalauta katutu, waɗanda kuɗin ruwansu ke cinye abin da ya kamata a kashe a asibitoci da makarantu.

Ƙarƙashin jagorancin Ann Pettifor, kuma da goyon bayan ƙungiyoyin coci irin su Christian Aid da CAFOD da Tearfund, mutane kimanin 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham a watan Mayun 1998, lokacin taron manyan ƙasashe takwas, sannan aka tara sa hannun mutane fiye da miliyan 20. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne haƙurin da waɗanda suka kafa gamayyar suka yi wajen fahimtar da talakawan coci wani lamari da a da ake ɗauka na masana tattalin arziki ne kaɗai. Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da suka ci moriyar wannan fafutuka, domin a 2004 ta kammala sharuɗɗan shirin sassauta bashi na ƙasashe matalauta.