Wa Ya Buɗe Ƙofofin Teku? Tsokaci a kan Littafin David Bentley Hart da Muhawarar Kiristoci da Mulhidai kan Bala'o'i

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken littafin The Doors of the Sea na David Bentley Hart (2005), tare da auna shi da hujjar Richard Dawkins bayan girgizar ƙasar Haiti. Maƙalar ta nuna cewa Hart ya yi nasarar rushe ra'ayin da ke ɗaukar kowane bala'i a matsayin hukunci, amma ya bar nassoshi masu nauyi ba tare da amsa ba, kuma ɓangarorin biyu sun yi wa alhakin ɗan'adam riƙon sakainar kashi.

1.0 Gabatarwa

Ranar 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa mai ƙarfin sama da maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku daura da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Igiyar ruwan da ta haifar, wato tsunami, ta hallaka kimanin mutum 230,000 a ƙasashe 14. Tun ba a gama binne gawawwaki ba, jaridun Ingila da Amurka suka cika da muhawara. Mulhidai, wato waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, suka ce lamarin ya isa hujja a gare su. Wasu Kiristoci suka ce hukunci ne, wasu kuma suka ce wani ɓangare ne na shirin Ubangiji da hankali bai kai gare shi ba. Hart, masanin tauhidi Ba'amurke mabiyin cocin Otodoks, ya fara mayar da martani a jaridar Wall Street Journal, daga baya ya faɗaɗa shi zuwa ƙaramin littafi mai babi biyu. Ma'anar sunan littafin ita ce ƙofofin teku, kuma ya samo shi ne daga sura ta 38 ta Littafin Ayuba.

2.0 Hujjar Hart

Hart bai ɓata lokaci mai yawa a kan mulhidan jarida ba, domin a ganinsa abin bautar da suke ƙaryatawa ba shi ne na Kiristanci ba. Ya koma ga marubuta biyu da ya ɗauka da muhimmanci. Na farko shi ne Voltaire, wanda ya wallafa waƙa a 1756 kan girgizar ƙasar Lisbon ta 1 ga Nuwamba, 1755, wadda ta rutsa da jama'a a cikin majami'u ranar idi. Voltaire ya yarda da Mahalicci. Abin da ya yaƙa shi ne falsafar da ke cewa kowace masifa tana da gurbi a cikin daidaiton duniya. Na biyu shi ne Ivan, tauraro a ƙagaggen labarin Dostoevsky na 'yan'uwan Karamazov, wanda ya ƙi amincewa da duk wata aljanna da za a saya da hawayen yaro.

Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne yadda Hart ya ba Ivan gaskiya, sannan ya juya kan 'yan'uwansa Kiristoci. A wurinsa akwai bambanci tsakanin abin da Allah ya nufa da abin da ya ƙyale. Mutuwa abokiyar gaba ce a Sabon Alkawari, duniya kuwa faɗaɗɗiya ce da ke ƙarƙashin wasu ikoki masu tawaye. Saboda haka mutuwar yaro a cikin igiyar ruwa ba ta ɗauke da wata ɓoyayyiyar ma'ana, kuma Allah ba ya buƙatarta don cika shirinsa. Ma'aunin da ya kafa mai sauƙi ne: maganar da mutum zai ji kunyar faɗa wa uban da ya rasa 'ya'yansa a gaɓar Siri Lanka, bai kamata ya yarda da ita a zuciyarsa ba.

Linjila tana mara masa baya. A Luka 13, Yesu ya musanta cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. A Yahaya 9 ya ƙi danganta makantar wanda aka haifa makaho da zunubinsa ko na iyayensa. A ƙarshen Littafin Ayuba ma, abokan da suka fassara wahalarsa da hukunci su ne aka tsawata wa.

3.0 Ƙalubalen Dawkins

Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010, mai wa'azin talabijin Pat Robertson ya danganta masifun ƙasar da yarjejeniyar da ya ce kakanninsu sun ƙulla da Shaiɗan don kuɓuta daga Faransawa. Kiristoci da dama suka yi tir da shi. Dawkins kuwa ya rubuta cewa Robertson ne ya tsaya a kan tafarkin Littafi Mai Tsarki, masu sukarsa kuma munafunci suke yi, tun da littafinsu ne ya kawo ruwan tsufana na zamanin Nuhu da halakar Saduma da Gwamrata.

Raunin wannan hujja a fili yake. Dawkins da Robertson tafsiri ɗaya suke yi: dukkansu sun ɗauka cewa labarin hukunci a nassi ya ba mai karatu lasisin fassara kowace girgiza ta yau. Alhali a waɗannan labarai annabci ne ke bayyana dalilin halaka, ba hasashen ɗan kallo ba, kuma Luka 13 ta toshe ƙofar irin wannan hasashe. Sai dai duk da haka, Dawkins ya taɓa wurin da littafin Hart yake ɗingishi. Amos 3:6 da Ishaya 45:7 sun jingina aukuwar masifa ga Ubangiji kai tsaye, Matiyu 10:29 kuma ta ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Waɗannan su ne irin ayoyin da mabiya Calvin, waɗanda Hart ya fi suka, suke dogara da su. Ya amsa musu da falsafa da zafin alƙalami, amma bai zauna ya warware nassoshin ɗaya bayan ɗaya ba. Mai karatun da ya zo neman tafsiri zai tashi da ƙishirwarsa.

Matsala ta biyu ta kimiyya ce. Girgizar 2004 ta faru ne saboda faifan ƙasa na Indiya yana nutsewa ƙarƙashin na Burma, motsin da ya girmi ɗan'adam da miliyoyin shekaru. Idan faɗuwar halitta ce ta jawo girgizar ƙasa, yaya sakamako ya riga sababi? Hart ya kai faɗuwar can wajen tarihin da muka sani. Wannan amsa ta tsare aƙida, amma mulhidi zai ce an ɗauke da'awar ne zuwa inda babu mai iya gwada ta. Haka kuma bambancin nufi da ƙyalewa bai gamsar da Ivan gaba ɗaya ba, domin mai ikon hanawa da ya ƙyale, tambaya tana nan a kansa.

4.0 Muryar da Aka Manta

Tun a watan Agusta na 1756 Rousseau ya rubuta wa Voltaire wasiƙa yana tunatar da shi cewa mutane ne suka cunkusa dogayen benaye a Lisbon. Wannan murya ba ta sami gurbin da ya dace da ita ba a wurin Hart ko Dawkins. A 2004 Tekun Fasifik yana da tsarin gargaɗin tsunami, Tekun Indiya ba shi da shi sai a 2006, alhali igiyar ta ɗauki kimanin awa biyu kafin ta isa Siri Lanka. Girgizar Haiti mai maki 7.0 ta kashe fiye da mutum 100,000, amma ta Chile mai maki 8.8, makonni kaɗan bayanta, ta kashe 500 da 'yan kai. Ingancin gini da talauci su ne suka raba lissafin biyu.

5.0 Kammalawa

Littafin Hart ya cancanci karatu saboda ya nuna, daga cikin Kiristanci, cewa ɗora wa mamaci laifin mutuwarsa saɓa wa Linjila ne. Bai warware matsalar sharri ba, shi kansa ma bai yi iƙirarin haka ba. Giɓin da ya bari a wajen tafsirin Amos da Ishaya shi ne aikin da ke gaban manazarta, kuma duk nazarin da za a yi nan gaba ya kamata ya sa tambayar Rousseau a sahu ɗaya da ta Voltaire.