Bangon Sunaye na Washinton: Abin da Ya Faɗa da Abin da Ya Bari

A shekarar 1981 aka yi gasar zana abin tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam. Cikin zane 1,421, alƙalai suka zaɓi na Maya Lin, ɗaliba 'yar shekara 21 a Jami'ar Yale. Ba ta kawo jarumi bisa doki ba, balle tuta. Bango biyu ne na baƙin dutse mai sheƙi, sun nutse cikin ƙasa, sun haɗu a kusurwa guda, an sassaƙa sunayen mamatan a jikinsu. An buɗe shi a 1982, kuma sunayen sun haura 58,000.

A ganina, gwanintar aikin tana cikin jerin sunayen. Ba a bi muƙami ba, ba a bi tsarin abacada ba. An jera su ne bisa ranar da kowa ya faɗi, daga 1959 zuwa 1975, janar da kurtu kafaɗa da kafaɗa. Mai ziyara yakan fara daga inda bangon bai wuce idon sawu ba, yana gangarawa sunaye suna ƙaruwa, har ya kai inda dutsen ya kai kimanin mita uku, ya fi ƙarfin kansa. Wato ƙafarsa ce ke karanta masa yadda yaƙin ya yi ta cin mutane. Ga shi kuma dutsen kamar madubi, duk sunan da ya duba sai ya ga fuskarsa a ciki. Marubucin da ke ganin sai ya cika shafi da "wayyo" kafin mai karatu ya ji zafi, ya dubi wannan.

Wasu tsofaffin sojoji sun ce bangon ya yi kama da tabon kunya. Don a lallashe su aka ƙara mutum-mutumin sojoji uku na Frederick Hart a 1984. Aiki ne mai kyau, amma yana bayanin abin da bangon ya riga ya gama faɗa.

Aibin da na fi gani daban ne. Bangon yana tunawa, amma koyarwarsa rabi ce. Bai ce komai ba a kan dalilin yaƙin, kuma mutanen Biyetnam da suka mutu, waɗanda ake ƙiyasta su da miliyoyi, ba sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikinsa. Ɗan makarantar da aka kai can zai iya komawa gida yana zaton Amurkawa kaɗai aka binne.