'Yar Tsana Ta Kara Da Ta Roba

'Yar'uwa, in kin tashi a Ikara, Maƙarfi ko Kudan, ai kin san 'yar tsanar iyayenmu ba a kanti ake sayenta ba. Bayan an girbe dawa, yarinya za ta zaɓi sillen kara mai kauri, ta gitta tsinke ya zama hannuwa. Wadda ta fi ƙarko kuwa ita ce ta ƙashi. Ƙashin ƙafar rago ake nema, musamman bayan layya, a kankare, a shanya, a liƙa danƙo a ka, a dasa baƙin zare a yi mata kitso. Ba ido, ba hanci, amma ba wadda ta taɓa cewa tata mummuna ce.

Sutura ita ce aikin. Sai kin bi tela kina roƙon ƙyalle, ki yanka zani da ɗankwali, ki ɗinka riga da allura, ki shirya jigida da 'yan tsakiya. Ranar aurenta har gara ake kaiwa. A nan yawancinmu muka koyi ɗaurin zani da kitso, tun ba mu san koyo muke yi ba.

To, ga ta roba ta zo. Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fitar a 1959, da kwafinta na Sin da suka cika kasuwannin ƙauye, da rigarsu suke zuwa, da gashi mai santsin da ba ya riƙe kitso. A 2007 Taofick Okoya na Legas ya ƙirƙiro Queens of Africa, baƙaƙe, cikinsu har da Azeezah da aka ce Bahaushiya ce. Na yaba masa, wallahi, don yarinya ta ga kalar fatarta ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni a ganina gyaran bai kai ba. Ƙirar jikin dai irin ta Barbie ce, siririn ƙugu da dogayen ƙafafu, atamfar ma wani ne ya ɗinka ya rufe a kwali. Me aka rage wa yarinya ta yi? Sai kallo da goyo.

Kuma in hannun ta roba ya ɓalle, kuka ne da neman kuɗin wata. Ta kara in ta karye, yarinya bayan gida za ta zagaya ta zaro wani sillen daga danga, kayan tsohuwar su koma jikin sabuwa.