Harshe da Mulki a Fasahar Gabashin Turai Bayan Gurguzu

Bayan rushewar katangar Berlin a 1989 da wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, wani reshe na fasaha ya ƙara ƙarfi a Gabashin Turai, wato fasahar ra'ayi, wadda ake fifita tunanin da aiki ke ɗauke da shi a kan ƙawarsa, har ta kai rubutacciyar kalma na iya zama kayan aikin mai fasaha a madadin fenti ko dutse. Dalilin haka a fili yake, domin waɗannan al'ummomi sun shafe shekaru masu yawa ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo wadda ta cika bangon makarantu da masana'antu da take da kirari, don haka masu fasaharsu suka tashi da sanin cewa wanda ya mallaki harshen fili shi ke riƙe da akalar jama'a.

Mladen Stilinović (1947–2016), wanda ya yi rayuwarsa a Zagreb ta ƙasar Kuroshiya, shi ne fitaccen misali. Tun a zamanin da Kuroshiya take cikin Yugoslabiya ya riƙa kwafo kalaman hukuma a kan aiki da ci gaba, yana rubuta su da hannu, sau da yawa da jan launi irin na jam'iyya, har sai holoƙonsu ya bayyana. Da tsarin ya faɗi, bai ɗauka cewa an tsira ba, sai ya juya kan sabon maigida: a 1992 ya rubuta a kan wani ƙyalle ruwan hoda, da Ingilishi, cewa duk mai fasahar da ba ya jin Ingilishi ba mai fasaha ba ne. Ƙarfin aikin yana cikin tarkon da ya ɗana wa kansa, domin dole ya yi ƙorafin da harshen da yake ƙorafi a kansa, in ba haka ba masu shirya nune-nune na London da New York ba za su saurare shi ba. Daga 2000 zuwa 2003 kuma ya bi ɗaruruwan shafukan ƙamus, yana shafe ma'anar kowace kalma da farin fenti, yana maye gurbinta da kalmar da ke nufin ciwo.

Dan Perjovschi na Romaniya ya kai batun kan fatar jiki. A 1993, a wani bikin fasaha a Timișoara, ya sa aka tsaga masa sunan ƙasarsa a kafaɗa, yana nuni da yadda ake yi wa ɗan Gabas shaida kamar dabbar kiwo, ana duban asalinsa kafin a dubi aikinsa. Bayan shekara goma, a 2003, ya sa aka goge rubutun da hasken lesa a birnin Kassel na Jamus, yayin wani nuni da aka keɓe wa yankin Balkan, wato a daidai irin wurin da ake tallata mai fasaha da sunan yankinsa.

Abin da ya haɗa ayyukan nan shi ne ƙin yarda da labarin da ke cewa 1989 ta raba zamanin takura da zamanin 'yanci raba ɗaya biyu. Sun nuna cewa ikon da ke tsara abin da za a faɗa, da harshen da za a faɗe shi, ya tashi ne daga ofishin jam'iyya ya koma kasuwar fasaha ta duniya, kuma wannan shi ya sa har yanzu suke da daraja a wurin masu nazari.